Harajin Gidaje Da Motar Kashe Gobara: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Ƙungiya A Agege

 

Duk lokacin da takardar harajin gida ta iso, kukanmu ɗaya ne, a rage. Muna da gaskiya. To amma muna so mu kawo abin da ya faru a jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, domin mu san yadda za mu yi kukan.

A can, garuruwa da ƙauyuka da dama suna da hukumar kashe gobara tasu ta kansu, wadda harajin gidajen yankin ke riƙe da ita. A watan Yuni na 1978 jama'ar jihar suka jefa ƙuri'a aka ƙayyade harajin: kada ya wuce kashi 1 cikin 100 na darajar gida, kuma kada darajar da ake lissafi da ita ta ƙaru fiye da kashi 2 cikin 100 a shekara, sai in an sayar da gidan. Masu gidaje suka yi murna, kuɗin shiga kuwa ya faɗi da fiye da rabi. A 1979 majalisar jihar ta yi dokar raba ɗan abin da ya rage, gwargwadon abin da kowace hukuma ke karɓa kafin ƙayyadewar. Ku duba nan da kyau. Hukumar ƙauye mai dogaro da 'yan sa kai, wadda a da take karɓar kaɗan, sai ta dawwama da ƙaramin kaso, ko da ƙauyen ya zama birni. In tana son ƙarin haraji na musamman, sai kashi biyu cikin uku na masu ƙuri'a sun yarda.

Mu dawo gida. A 2001 jihar Legas ta haɗe harajin gida da na ƙasa da na gyaran unguwa wuri ɗaya. Aka ƙara shi a 2018, jama'a suka yi ca, aka sake doka a 2020 aka sassauta. Kashe gobara a nan aikin gwamnatin jiha ne, kuma waɗanda suka ga yadda kasuwar Tejuosho ta ƙone a 2007 ba sa buƙatar bayani.

Sashe na 43 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon mallakar gida a ko'ina cikin ƙasar nan. Mai karɓar haraji bai taɓa tambayarmu takardar asali ba, saboda haka ranar neman hakki ma kada wani ya ce mana baƙi.

Don haka wasiƙar da za mu kai wa ɗan majalisar jiha mai wakiltarmu ta ƙunshi abu biyu tare: sassauci ga masu ƙananan gidaje, da bayanin nawa aka ware wa 'yan kwana-kwana, da ruwa da hanyar da motarsu za ta bi cikin lungunanmu. Kowane mai gida ya kawo kwafin rasiɗinsa ga sakatare kafin taro mai zuwa.