Masu jiran shari'a a gidan kaso: jawabi ga rassan jam'iyya



Maganarmu ta yau a kan mutumen da aka rufe gidan kaso ne, alƙali bai yanke mashi hukunci ba. A wurin doka ba ya da laifi sai an tabbatar. Amma ku dubi abin da jira ke ci. An kama shi lokacin shuka, damana ta wuce, gona ta zama ciyawa. Rumfarshi ta kasuwa wani ya shige. Matarshi ta sayar da akuya don ta kai mashi tuwo. Ran da aka sake shi ba laifi, wa zai biya shi gero?

A shekarar 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idodin riƙon fursuna masu sunan Nelson Mandela. Sun ce a raba mai jira da wanda aka hukunta. A bar shi da tufafinshi in suna da tsabta. A nuna mashi aiki, in ya so ya yi, in ya yi a biya shi. Ku riƙe wannan kalma, in ya so. Aikin tilas an kashe shi tun 1946 da dokar Houphouët-Boigny, ba mu yarda ya dawo da sunan gyaran hali ba. Ɗinki muke nema, da jima, da dukanci, da karatun boko ga samari, don hannu kar ya mutu. Likita kuma ya riƙa shiga.

To, mu mi za mu yi? Kowane reshe ya rubuta sunayen mutanen garinshi da ke tsare, da ranar da aka kama su, domin wanda ba a tambaya tasa takardar ke kwana ƙasan tebur. Tun 2011 akwai hukumar ANAJJ mai taimakon marasa hali wajen samun lauya. Ku raka iyali can, da yawansu ba su san da ita ba. Samari su yi gayya a gonar wanda ke tsare. Mata su raba ranakun kai abinci. Sarkin kasuwa a roƙe shi ya aje rumfa har mai ita ya fito.

Sakatarori su kawo sunayen a taro na gaba.