Da Gaske Ana Biyan Manomi Don Ya Bar Gona Ta Huta?

 Wani manomi daga Funtuwa ya aiko da wasiƙa yana tambaya: wai da gaske ne a Amurka gwamnati na biyan manomi don kada ya noma gonarsa?

To malam, gaskiya ne, amma fa da sharaɗi. Tun 1985 aka kafa shirin. Manomin da gonarsa ke zaizayewa zai je ofishin aikin gona na gundumarsa ya nema. In an karɓe shi, ya sa hannu kan yarjejeniyar shekara 10 zuwa 15. Sai ya daina noma wurin, ya shuka ciyawa ko itatuwa. Gwamnati ta riƙa biyan shi haya duk shekara, ta kuma ɗauki har rabin kuɗin shukar. Wanda ya karya alkawari, sai ya mayar da kuɗin.

Dalili kuwa, a shekarun 1930 fari da guguwar ƙura sun kwashe ƙasar gonakinsu, dubban iyalai suka yi ƙaura. Ka ga, abin da kakanninmu ke kira saura ne, sai dai can da lada.

Da fatan ka gamsu. A ci gaba da aiko da wasiƙu.