Rawa a Matsayin Darasi a Babbar Sakandare

 

Maganar da na zo da ita yau ba kowa za ta yi wa daɗi ba, don haka gara na faɗe ta tun daga farko. Ina ganin lokaci ya yi da za a sa nazarin rawa cikin darussan zaɓi na babbar sakandare, daga aji huɗu zuwa aji shida, da malaminsa da littafinsa da jarrabawarsa.

Ga yadda abin yake a yanzu. A firamare da ƙaramar sakandare, manhajar da hukumar NERDC ta tsara ta haɗa zane da kiɗa da wasan kwaikwayo da rawa a darasi guda na al'adu da fasahar ƙirƙira. Da yaro ya haye babbar sakandare, mai son zane yana da darasinsa har zuwa WAEC da NECO, mai son kiɗa ma haka, amma rawa ba ta da darasi mai zaman kansa. Sai a jami'a ta sake ɓullowa, a sassan wasan kwaikwayo irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da Bayero a Kano, da na Jos da Ilorin. Wato shekara uku cur, daidai lokacin da hankalin yaro ya fara nuna, mun yanke masa hanya. Abin da ya rage shi ne ranar al'adu: a ɗauko ƴan yara, a ɗaura musu kaya, a yi kwana kaɗan ana gwaji, su taka a gaban babban baƙo, a watse. Wannan nishaɗi ne, ban raina shi ba, amma ba karatu ba ne.

To mene ne abin karantawa a cikin rawa? Duk wanda ya taɓa tsayawa a gefen masu takai ya ga amsar. Maza ne a da'ira, kowa riƙe da sanda. Ana zagawa, sai kowa ya juya ya haɗa sanda da na gabansa, ya sake juyawa ya haɗa da na bayansa, duk a kan bugun ganga. Mutum ɗaya ya yi kuskuren ƙirga, ko dai sanda ta sauka a yatsunsa ko da'irar duka ta rikice. Akwai lissafi a nan, akwai sauraro, akwai sanin haƙƙin na kusa da kai. Akwai kuma tambayar tarihi: a ƙasar Dagomba, a arewacin Gana, suna da rawa mai wannan suna, su ma a da'ira, suna haɗa ƴan sandunan ƙarfe. Me ya haɗa mu? Ɗalibin da aka sa ya bi sawun wannan tambaya dole ya karanta fatauci tsakanin Kano da Gwanja, maƙwabciyar Dagomba, ya san hanyar goro.

Ku dubi gaɗa kuma. Ƴan mata sun yi rabin da'ira suna tafi, ɗaya ta fito ta ba su baya, ta saki jiki gaba ɗaya ta faɗo, su caɓe ta su cilla ta sama. Ba ta waiwaya. Yarinyar da ta yi wannan ta koyi yarda da ƴan uwanta tun kafin ta iya faɗin hakan da baki. Yau a unguwanni da yawa na birni dandalin ya mutu, kuma da wuya a sami wanda ya rubuta yadda ake tsayuwar, da yadda tafin yake sauyawa daga waƙa zuwa waƙa. Haka rawar mahauta da kalangunsu, da ta ƴan tauri, da ta manoma: kowace tana ɗauke da labarin sana'a da matsayin masu ita a gari. Ita ma koroso da muke alfahari da ita, da kacau-kacau a ƙafa da sarewa, tsara ta aka yi a Kano don dandamali daga raye-rayen da ake da su. Mutane ne suka zauna suka yi tunani suka zaɓa. Wannan aikin tsarawa ana koyar da shi.

Wasu sun riga mu. A Afirka ta Kudu nazarin rawa darasi ne daga aji 10 zuwa 12, ana zana shi a jarrabawar kammala sakandare, takarda ɗaya a rubuce, ɗaya a aikace. Ɗalibi yana karanta ƙasusuwa da tsokoki da gaɓoɓi, da yadda ake kauce wa targaɗe, da tarihin rawa, har da raye-rayen gargajiya na ƙasar, sannan ya tsara tasa. A Ingila ma ana zana ta a matakin share fagen shiga jami'a. A Gana, tun 1962 Farfesa Kwabena Nketia da Mawere Opoku suka kafa ƙungiyar raye-raye ta ƙasa a cikin Jami'ar Gana da ke Legon, don rawa da bincike su zauna inuwa ɗaya. Har rubuta rawa ana yi: a 1928 Rudolf Laban ya fitar da tsarin alamomi da ke nuna wace gaɓa ta motsa, ta nufi ina, na tsawon wane lokaci.

Iyayena, na san abin da ke ranku, kuma damuwarku tana da tushe. Mun ga abin da ake kira rawa a wasu wuraren biki da cikin waya. Mun san batun cakuɗuwar maza da mata, da batun sutura, da saɓanin malamai a kan kiɗa. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, wannan fagen na malamai ne, kuma ina roƙon a zauna da su tun daga ranar farko ta rubuta manhaja. Abin da nake cewa shi ne darasin ya zama na zaɓi, da sa hannun uba ko uwa. Maza daban, mata daban, da malama ga mata. Dama makarantunmu da yawa a rabe suke. Abin da ya shafi bori a karanta shi a matsayin tarihi, kada a sa kowa ya taka.

Amma mu gaya wa kanmu gaskiya: rashin darasin bai hana yaranmu rawa ba. Suna koya a TikTok, suna koya daga finafinan Indiya da na Kannywood, ba malami, ba mai ce musu wannan daga ina ta fito, wannan ta dace, wannan ba ta dace ba. Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai tun 2001, kuma mafi yawan cece-kucen da ake yi a kan rawa da waƙa ne. Tacewa tana zuwa ne bayan an gama aiki. Aji shi ne inda ake gina idon da zai bambance tun kafin a ɗauki kyamara. Wanda ya san takai da koroso da yake na Wodaɓe da suwange na Tibi, ya san dalilin kowace, ba zai ɗauka cewa sai ya kwaikwayi Bombai zai burge ba.

Babbar matsala ita ce malamai. Masu digiri daga jami'o'in da na ambata sun san nazari, amma gwanayen rawar suna ƙauyuka da unguwanni, yawancinsu ba su da takardar shaida, kuma tsufa ya kama da yawa daga cikinsu. Dole a haɗa biyun: malamin aji ya riƙe littafi da jarrabawa, gwani ya zo ya nuna, a biya shi haƙƙinsa, a rubuta sunansa a kan abin da aka ɗauka daga gare shi.

Roƙona ga ma'aikatun ilimi na jihohi shi ne kada a jira Abuja. A zaɓi makarantu ƴan kaɗan, na maza da na mata, a fara gwaji tare da hukumomin tarihi da al'adu. Ku kuma shugabannin makarantu, tun wannan zangon ku tura ɗalibai biyu-biyu wurin tsofaffin unguwarsu, su rubuto rawa ɗaya: sunanta, masu yin ta, lokacinta, kayan kiɗanta, da yadda ake taka ta. Wannan ba ya buƙatar kasafin kuɗi, littafin rubutu da biro sun isa.