Ɗan mahautan da ke juya ni

Shekara huɗu ke nan ina kan keken guragu, tun da babur ya kada ni tsakanin Ƙonni da Malbaza. Da aka sallamo ni daga asibitin Galmi, 'yan fadarmu sun zo sau biyu, shi ke nan. Wanda ya tsaya ɗan mahauta ne, maƙwabcinmu, da a da ko shayi ba ma miƙa masa. Shi ke mini wanka, shi ke juya ni da dare don kada bayana ya yi gyambo.

Bara ya nemi auren ƙanwata. Baffanmu ya ce gidanmu ba ya haɗa jini da mahauta. Na ce, "Baffa, to wa zai juya ni daren yau?" Wallahi har yanzu bai amsa ba, auren kuma ba a ɗaura ba.