Kafin Ki Zuba Kifin Farko: Jawabin Masu Kiwon Tarwaɗa a Taron Cikar Shekara



An ce mu da muka riga shiga kiwon tarwaɗa mu yi wa masu shirin farawa bayani, tunda a bana mata da yawa sun rubuta sunansu suna neman rance don wannan sana'a. Kuɗin da za a ba ku, kuɗin zubinmu ne gaba ɗaya. In kin ci riba, kin biya, wata ta samu. In kifi ya mutu, layi ya tsaya. Shi ya sa za mu faɗa muku gaskiya, har da inda muka yi tuntuɓe.

Mu fara da wurin zuba kifin. Mu da tafkin siminti muka fara, ana gama gini muka cika shi da ruwa muka zuba kifi. Kwana biyu, sai ga su sun taso ciki sama. Ashe sabon siminti yana da kaifi, yana sauya ruwa har ya kashe kifi. Sai an jiƙa shi makonni, ana zubar da ruwan ana sakewa ana wankewa, kafin ya yi lafiya. Mai farawa, shawararmu ki nemi tankin roba ko na tamfol, ki kafa a inuwa, a yi masa bututun fitar da ruwa ta ƙasa. A tanki mai cin lita 1,000, kada ki wuce kifi 50 in kina son su girma sosai. Ki rufe samansa da raga, don tarwaɗa tana tsalle, tsuntsu da kyanwa kuma suna nan. Iyaye mata, a kula da masu rarrafe da masu tatata, kada a bar tanki a buɗe a tsakar gida.

Na biyu, ruwa. In ba ki da ruwa tabbatacce, rijiya ko burtsatse, to ki dakata tukuna. Ruwan famfo yana zuwa da maganin kulorin, sai ya kwana ɗaya ko biyu a buɗe kafin a zuba wa kifi. Tarwaɗa tana da juriya, har iska take shaƙa a saman ruwa, amma kada wannan ya ruɗe ki. Kashinta da ragowar abinci suna ruɓewa a ƙasa, su zama guba. In kin ji ruwa ya fara wari, ko kin ga kifi sun miƙe tsaye a sama sun ƙi cin abinci, ai ruwa ba ya tsami banza, ki sauya nan take. Ruwan da kika zubar kuma taki ne, ki juya shi ga alayyafo ko zogale. Kada ki sake shi a lungu, ki ɓata da maƙwabta.

Na uku, iri. Araha ba ta ado. Mun taɓa sayen 'ya'yan kifi da rahusa a hannun wani, wata huɗu muna ciyarwa sun ƙi girma, ashe tsumburarru ne da aka tsince aka bari. Ki je wurin mai ƙyanƙyasar da aka sani, ki gani da idonki: girmansu ɗaya, suna da kuzari, babu rauni a jiki. Waɗanda suka ɗan tasa, suka wuce tsawon ɗan yatsa, sun fi tsada amma sun fi rayuwa a hannun sabuwar shiga. Ki ɗauko su da sassafe ko da yamma. Da kin iso, kada ki juye su kai tsaye. Ki riƙa ɗiban ruwan tankinki kina ƙara musu kaɗan-kaɗan har su saba, sannan ki sake su. Ranar farko ba a ba su abinci.

Na huɗu, kuma nan ne kuɗi yake tafiya: abinci. Fiye da rabin abin da za ki kashe, a nan zai ƙare. Ga lissafi mai sauƙi. Kifi ɗaya kafin ya kai kilo ɗaya, yakan ci kilo ɗaya ko sama da haka kaɗan. Kifi 200 ke nan suna neman kilo 200 zuwa 250. Buhu kilo 15 ne, kin ga buhu 14 zuwa 17 ake magana. Ki je kasuwa ki ji kuɗin buhu yau, ki ninka, kafin ki sayi kifi ko ɗaya. In kuɗinki na kifi 100 ne, ki zuba 100. Mun ga wadda ta zuba 500, a wata na uku abinci ya ƙare, ta sayar da su ƙanana a kan asara. Ƙwayar abincin tana da lamba, a fara da ƙanana kamar milimita 2, ana ƙarawa yadda bakinsu yake girma. Ki ba su safe da yamma, a lokaci ɗaya kullum, ki tsaya kina kallo. Da sun rage wawaso, ki tsayar da hannu. Lokacin hunturu cinsu yana raguwa, girma ma haka, ki rage abin da kike zubawa.

Na biyar, tarwaɗa tana cin 'yar uwarta. Za ki zuba 200, ki ƙirga ki ga 150, ba gawa, ba ɓarawo. Manyan ne suka haɗiye ƙananan. Duk mako biyu a watannin farko ki ware waɗanda suka yi fice, ki sa su daban. Don haka tun farko ki tanadi mazubi na biyu.

Na shida, kasuwa. A wata huɗu zuwa shida kifi ya isa sayarwa, kuma duk ranar da ya ƙara bayan nan, daga ribarki yake ci. Ki san mai sayenki tun kafin lokaci: masu gashin kifi, masu farfesu, ko dillalai. Ki mallaki sikelinki, a auna a gabanki. In farashi ya faɗi, banda tana nan, tana ajiyuwa, sai dai ki sani nauyi yana raguwa ƙwarai in ya bushe, ki sa wannan da kuɗin itace a lissafi.

Sai littafi. Ki rubuta komai: ranar zubi, buhun da aka buɗe, kifin da ya mutu, har wanda aka ɗiba aka yi wa maigida farfesu. Malamai, kun ji, shi ma da kuɗinsa! 'Ya'yanmu 'yan makaranta su taya mu rubutun.

Duk wadda sunanta ya fito, kafin ta karɓi kuɗi ta zo gidan ɗayanmu ta yini, ta ga ciyarwa, ta sa hannu a sauya ruwa da ita. Ƙofarmu a buɗe take. Allah ya sa albarka, ya kai mu baɗi lafiya.