Karaya da Ciwon Gaɓɓai: Ina Za A Kai Majinyaci?

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

Jama'ar Gobir, na Sabon Birni da Isa, na Gatawa da Tsamaye da Bafarawa, har da 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka wajen Tsibiri da Maraɗi da ke kama mu:  Yau shirin lafiya zai taɓo karaya da targaɗe da ciwon gaɓɓai, da kuma tambayar da kan raba kan gida idan tsautsayi ya faɗa: ina za a kai majinyaci?

Bari in fara da abin da na gani da idona. Wani yaro ɗan shekara goma sha uku ya faɗi a kan hannunsa wajen ƙwallo bayan la'asar. Kafin magariba an kai shi wurin mai ɗori, an ja hannun, an jera karare, an naɗe da tsumma tamau. Cikin dare yaro ya hana kowa barci, yana cewa hannunsa na cin wuta. Kakarsa ta ce a yi haƙuri, ai ƙashi ne ke kamawa. Da gari ya waye yatsun sun kumbura suntum, sun yi sanyi, ko tsinke ka soka masa ba ya ji. Allah ya taimaka wani kawunsa ya zo ya sa aka kwance, aka nufi asibiti. Hannun ya tsira, amma har yau yatsu biyu ba sa miƙewa.

Ban kawo wannan don in ci mutuncin masu ɗori ba. Da yawansu gadon iyaye da kakanni suke yi, kuma wanda ya san aikinsa shi da kansa yake ce maka wannan ta fi ƙarfina. Matsalar ɗaya ce: hannu ba ya ganin cikin tsoka. Gaɓar da ta ji rauni tana ci gaba da kumbura kwana ɗaya zuwa biyu. In an ɗaure ta tamau, jini ya rasa hanya, cikin kamar awa shida nama ya fara mutuwa. Mutanenmu kan ce, "Kada ku kai shi asibiti, yanke ƙafa za su yi." To, a tambayi wanda aka yanke wa, kwana nawa ya yi a gida da ɗauri kafin a kai shi. Sau da yawa ruɓar ta riga likita isowa.

Ga gwajin da kowace uwa za ta iya yi. Ki danna farcen yatsa har ya yi fari, ki saki. In jan bai dawo cikin daƙiƙa biyu ba, ko yatsun sun yi sanyi, ko ciwon ya ƙi jin magani, a sassauta ɗaurin nan take, ko da na asibiti ne, a nemi ma'aikacin lafiya.

(Gajeren kiɗa)

Mun san halin da hanyoyinmu ke ciki. Ba wanda zai hau hanyar Goronyo ko ta Marnona da dare don nishaɗi. Shi ya sa ya kamata mu san wanne rauni ne ke iya jira, wanne ne ba ya jira.

Targaɗen idon sawu, in mutum na iya taka ƙafar taku huɗu kuma ba ƙashin ne ke ciwo in an danna ba, galibi yana warkewa a gida. A huta, a ɗaga ƙafar kan matashi, a ɗora abu mai sanyi na minti goma sha biyar zuwa ashirin. In babu ƙanƙara, tsumma da ruwan randa ma ya yi. Kwana biyun farko ban da gashi da ruwan zafi, ban da murza.

Amma in ƙashi ya huda fata, wannan ba ya kwana. A rufe da tsumma mai tsabta, kada a tura ƙashin ciki, kada a zuba toka ko garin magani, a tafi. Yana bukatar wanki a ɗakin tiyata da allurar tetanus. Haka wanda ya faɗo daga kabu-kabu ko doki yana kukan wuya ko gadon baya: a kwantar da shi kan katako ko ƙyaure, kada a naɗe shi a zaunar kan babur. Haka kuma yaron da gwiwarsa ko ƙugunsa ya kumbura da zafi da zazzaɓi ba tare da ya faɗi ba. Wannan mugunya ce ke taruwa cikin gaɓa, kwanaki kaɗan ta cinye ta.

Matakin farko shi ne babban asibitin Sabon Birni ko na Isa, a duba, a tallafe gaɓar, a rubuta takardar turawa in abin ya fi ƙarfinsu. A Sakkwato akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai Asibitin Ƙwararru, akwai asibitin ƙashi na Wamakko. Gaba kuma akwai asibitin ƙashi na ƙasa da ke Dala a Kano, wanda ke aiki tun 1959. Masu dangi a Nijar sun san asibitin Galmi, a Yamai kuma akwai asibitin CURE da aka buɗe a 2010 don yara masu nakasar ƙafa da makamantansu.

Duk inda ka je, na gwamnati ko na kuɗi, kada fenti da fanka su ruɗe ka. Tambayi abu na farko: akwai hoto a nan, kuma injin yana aiki? Wanda zai ɗora ka ba tare da hoto ba, lalube yake cikin duhu, ko da farar riga ya sa. Sannan ka tambaya, wa zai yi aikin? Likitan ƙashi ne, ko kuwa yana zuwa ne sau ɗaya a wata? Ba rashin kunya ba ne, ƙafarka ce. A gaya maka jimillar kuɗi tun farko, har da na ƙarfen da za a sa da na jini. Ka ji tsoron wurin da aka ce sai tiyata tun ba a nuna maka hoton ba, ka kuma ji tsoron mai yi maka alkawarin za ka taka ƙafa cikin mako guda. Ƙashin babba kan ɗauki mako shida zuwa goma sha biyu, na yaro ya fi sauri.

Akwai wata tambayar da kowa ke mantawa: akwai sashen gashi? Bayan an cire siminti gaɓa kan sandare, sai da motsa ta a hankali ƙarƙashin masani. Nan ne 'yan ƙwallo da 'yan kokawa da 'yan dambenmu suke faɗuwa. Saurayi ya juya a fili, ya ji gwiwa ta ce ɓas, ta kumbura kafin isha'i, bayan mako biyu ya sha Tramadol ya koma. Jijiyar da ke riƙe gwiwa ce ta tsinke, kuma hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna ta, sai gwajin hannun likita ko hoton MRI. Ko an yi aiki, komawa fili kan kai wata tara. Mai gaggawa, yana ɗan shekara talatin sai ka gan shi yana sallah a zaune.

Iyayenmu masu ciwon gwiwa da muke kira sanyi, don Allah a rage haɗin ƙwayoyin nan na kanti. Diclofenac kullum yana cin ciki da ƙoda, Dexamethasone kuwa yana kumbura fuska, ya tada sukari, ya rarake ƙashi. Mai sikila da ƙugu ya fara yi wa ciwo yana ɗingishi, shi ma hoto yake bukata da wuri.

Idan za ku tafi Sakkwato, ku riƙe takardar turawa, da tsohon hoto in akwai, da kwalayen duk maganin da aka sha, har da na gargajiya ku faɗa. A tafi da mutum ɗaya mai ƙarfi da zai iya ba da jini. Kuma in ana zaton tiyata, kada a cika wa majinyaci ciki da fura a hanya, domin sai ciki ya yi kamar awa shida ba abinci kafin a sa shi barci.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa.

(Kiɗan rufe shiri)