Amsoshin Tambayoyinku: Ƙasar Da Ke Cikin Cikin Wata Ƙasa

 

Takardar farko a yau ta fito daga wani ɗan kasuwa mai fataucin albasa a Illela ta Jihar Sakkwato. Yana cewa gardama ce ta kaure tsakaninsa da abokansa a tasha, wai shin gaskiya ne akwai wata ƙasa a Afirka da wata ƙasar ta kewaye ta gabas da yamma, kudu da arewa, kuma har tana da sarkinta? In akwai, yaya mutanenta suke, kuma da me suke ci?

To Malam, kai ka ci gardama. Akwai ta, sunanta Lesotho, masu ita kuwa Lisutu suke furtawa. Tana zaune ne a cikin Afirka ta Kudu kamar ƙwallo a cikin mangwaro. Ba ta da teku, ba ta kuma da maƙwabciya ta biyu. Kai da kake bakin iyaka ka san Nijar ma ba ta da teku, amma ita tana da maƙwabta bakwai, in an rufe mata wannan ƙofa sai ta nemi waccan. Lesotho ƙofa ɗaya gare ta. Ka riƙe wannan a zuciya, domin duk abin da za mu faɗa nan gaba a kansa ya rataya.

Faɗinta murabba'in kilomita 30,355, wato ta ɗan ɗara jiharku ta Sakkwato kaɗan. Mutanenta sun haura miliyan 2, ba su kai na birnin Kano ba. Babban birninta Maseru, yana daf da iyaka. Mutum ɗaya ana ce masa Mosotho, jama'a Basotho, harshensu Sesotho, kamar dai yadda muke cewa Bahaushe, Hausawa, Hausa. Akasarinsu Kirista ne, kuma da Sesotho da Ingilishi ake aikin gwamnati.

Ƙasar duwatsu ce ƙwarai. Wurin da ya fi ko'ina gangare a cikinta yana da tsayin mita 1,400 daga teku, wato kwarinsu ya fi garin Jos tudu. Dutsensu mafi tsawo, Thabana Ntlenyana, ya kai mita 3,482. Lokacin da muke tsakiyar damina, a watannin Yuni da Yuli da Agusta, su kuma suna tsakiyar hunturu, dusar ƙanƙara na rufe duwatsu har ta tare hanya, wani sa'in ta kashe dabbobi da makiyaya. Shi ya sa in ka ga hoton Mosotho za ka gan shi lulluɓe da bargo mai kauri, da malafar ciyawa mai tsini, a kan ɗan kurun dokinsa. Malafar nan ce ma ke tsakiyar tutarsu. Akwai ƙauyukan da har yau doki da jaki ne motarsu.

Yaya aka yi ƴar ƙasa irin wannan ta tsira ba a haɗiye ta ba? A nan sai mu ɗan tsaya, domin labarin mutum guda ne, Sarki Moshoeshoe na Ɗaya, ana furta sunan Moshweshwe. A farkon ƙarni na 19 yaƙe-yaƙe suka tarwatsa ƙabilun kudancin Afirka, yunwa ta biyo baya. A 1824 ya kwashi mutanensa ya hau da su wani dutse mai shimfiɗaɗɗen kai da ake kira Thaba Bosiu, ma'ana Dutsen Dare, wanda hanyoyin hawansa ƴan kaɗan ne kuma matsattsu. Duk wanda ya gudo sai ya karɓe shi, ya ba shi wurin zama, ya ba shi aron shanu ya sha nono. Da haka tarkacen ƙabilu suka zama al'umma ɗaya. Ana ba da labarin cewa wata rundunar da ta kawo masa hari ta kasa, tana juyawa sai ya aika mata da shanu, wai yunwa ce ta kawo su, ga guzuri. Mutum ne mai yaƙi in ta kama, amma ya fi yarda da siyasa.

Waɗanda suka fi ƙarfinsa su ne Turawan Bowa, jikokin mutanen Holan, da suka kafa ƙasarsu ta Orange Free State a gefensa. An gwabza a 1858, aka sake daga 1865, suka ƙwace masa mafi kyawun ƙasar noma da ke yamma da Kogin Caledon. Da ya ga sauran ma za ta tafi, sai ya nemi kariyar Ingila, aka ba shi a 1868, ƙasar ta zama Basutoland. Ya rasu a 1870. A ganinmu dabarar nan ce ta ceci Basotho, domin da aka haɗa Tarayyar Afirka ta Kudu a 1910 ba a sa su ciki ba, saboda haka dokokin wariyar launin fata ba su hau kansu a gida ba. Amma gonakin nan ba su dawo ba har yau. Sun sami mulkin kai ran 4 ga Oktoba, 1966.

Batun sarauta kuma, kada a rikita ta da Eswatini, wadda ake kira Swaziland kafin 2018, inda Sarki Mswati na Uku ke da wuƙa da nama. A Lesotho sarki uban ƙasa ne kawai, mulki na hannun firayim minista da majalisa. Sarkin yanzu Letsie na Uku, ya gaji mahaifinsa Moshoeshoe na Biyu wanda ya rasu a haɗarin mota a 1996. Majalisar wakilai na da kujeru 120, guda 80 daga mazaɓu, 40 kuma ana raba wa jam'iyyu gwargwadon ƙuri'un da suka samu. Majalisar dattawa na da 33, daga ciki 22 manyan hakimai ne.

Siyasarsu dai ba ta cika kwanciya ba. Firayim minista na farko, Leabua Jonathan, ya ga zai faɗi zaɓen 1970, ya soke zaɓen ya zauna. Daga baya ya riƙa ba ƴan ANC masu yaƙi da wariyar launin fata mafaka, har sojan Afirka ta Kudu suka shiga Maseru a watan Disamba na 1982 suka kashe mutum 42. A watan Janairu na 1986 sai gwamnatin Turawan ta tsuke iyaka. Ba mai, ba abinci, ba magani. Ba a yi mako uku ba soja suka hamɓarar da Jonathan, Janar Lekhanya ya hau, aka buɗe iyaka. Ka ga abin da muke nufi da ƙofa ɗaya. An koma mulkin farar hula a 1993, rikicin zaɓe ya sake tashi a 1998 har sojan Afirka ta Kudu da Botswana suka shiga, aka ƙone kantuna da yawa a Maseru. Zaɓen 2022 ya kawo wani attajiri, Sam Matekane, kan kujerar firayim minista.

Yanzu da me suke ci? Manoma, ku saurara da kyau. Ƙasar da ake iya nomawa ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma ba, ita ma ruwan sama na gangarowa daga duwatsu yana yanka ta kwazazzabai, ga yawan kiwo ya cinye ciyawar da ke riƙe ƙasa. Suna noma masara da dawa da alkama da wake, amma ko a shekarar albarka ba ya isarsu, sai an sayo daga Afirka ta Kudu. A 2024 fari ya sa gwamnati ta yi shelar cewa ƙasar na cikin bala'in yunwa. Abin da ke kawo wa mutumin ƙauye kuɗi shi ne gashin tumaki da na wasu awaki masu dogon gashi mai santsi, wanda ake sausayewa kowace shekara a kai kasuwar duniya. A 2018 gwamnati ta hana makiyaya kai gashin wurin dillalansu na Afirka ta Kudu, ta ce sai dai a sayar ta wata cibiya guda a cikin gida. Kuɗi suka maƙale wata da watanni, makiyaya suka yi zanga-zanga, tilas aka sassauta dokar a 2019. Satar dabbobi ma babbar annoba ce a can, musamman a ƙauyukan bakin iyaka.

Shekara da shekaru babbar sana'ar maza ita ce cin rani a ramukan zinariya na Afirka ta Kudu. Wajen 1990 fiye da mutum dubu 100 ke can suna aiko da kuɗi gida. Aikin ya ja baya ƙwarai, da yawa kuma sun dawo da ciwon huhu. Rabuwar miji da iyali na tsawon watanni na cikin abin da ya yaɗa cuta mai karya garkuwar jiki, har ta kama kusan baligi ɗaya cikin biyar. Wani abin lura, da yake yara maza na bin dabbobi a kan duwatsu tun suna ƙanana, mata sun fi maza karatu a ƙasar.

Sai abin da zai ba ka mamaki, Malam: Lesotho na sayar da ruwa. Kogin Orange daga duwatsunta yake fitowa, yankin Johannesburg kuwa mai masana'antu yana fama da ƙishirwa. A 1986, watanni kaɗan bayan juyin mulkin nan, aka sa hannu a yarjejeniya. Aka gina madatsar Katse mai tsawon mita 185, aka huda duwatsu ruwa na bi ta ƙarƙashinsu zuwa Afirka ta Kudu, tana biya. A kan hanya ruwan na juya injinan lantarki na Muela. An ƙara madatsar Mohale, an kuma kama ginin ta Polihali. Kuɗi na shigowa baitulmali, amma ƙauyawan da ruwa ya cinye musu gonaki da makiyaya sun daɗe suna kukan diyya, wasu ma suna kallon tafkin da ido amma matansu na tafiya mai nisa neman na sha. Shugaban aikin na farko kuwa kotu ta ɗaure shi a 2002 saboda karɓar cin hanci daga kamfanonin waje.

Akwai kuma lu'ulu'u. Ramin Letseng ya shahara da manyan duwatsu, a 2018 an haƙo wani da aka sayar dala miliyan 40. Sai dai aikin ba ya ɗaukar mutane da yawa. Kuɗinsu loti, darajarsa ɗaya da rand, kuma duka biyu ana ciniki da su a kasuwa. Babban kaso na kasafin gwamnati daga rabon kuɗin kwastan yake fitowa, wanda suke tarawa tare da Afirka ta Kudu da Botswana da Namibiya da Eswatini.

Aikin da ya maye gurbin cin rani shi ne ɗinki. Daga shekarar 2000, da Amurka ta yafe wa wasu kayan Afirka kuɗin fito, masu jari daga Taiwan da Sin suka faɗaɗa masana'antun ɗinka wandon jins da riguna a Maseru da Maputsoe, suka ɗauki dubun-dubatar ma'aikata, galibi mata. A watan Afrilu na 2025 Shugaba Trump ya yi shelar ɗora wa kayan Lesotho harajin kashi 50 cikin 100, wanda ba ƙasar da aka ɗora wa fiye da shi. Daga baya an rage zuwa kashi 15, amma kafin nan masu saye sun riga sun janye oda, an sallami ma'aikata masu yawa, kuma kowace mace ɗaya a wurin keken nan akwai gida guda a ƙauye da ke jiran albashinta ƙarshen wata.

Sai takarda ta gaba.